Zafin Kwamfuta: Kada Mu Gaskata Kowane Awo

Tun shekarar 2015, sa'ad da hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga jami'a dukanta bisa kwamfuta, makarantun karkara na ƙasar Bichi da Ɗambatta da Kunci suka tashi neman wannan na'ura haiƙan. Yawancin waɗanda ake samu tsofaffi ne 'yan gwanjo, masu nawa wajen aiki. Saboda haka waɗansu samari masu gyara sukan yi wata dabara, watau su tilasta wa ƙwaƙwalwar kwamfutar, wadda suke kira farosesa, ta yi gudu fiye da yadda maƙeranta suka ƙayyade. Gudu kam yakan ƙaru, amma zafi ma haka. In an ƙara mata ƙarfin wuta da kashi 10 cikin 100, zafin da take fitarwa yakan ƙaru da wajen kashi 20.

To, mai ƙure gudun nan ba shi da jagora sai lambar zafi da yake gani a fuskar na'ura. Lambar nan kuwa ba kullum take faɗin gaskiya ba. Manhaja ɗaya ta ce digiri 45, wata ta ce 60, duka kuwa a kan na'ura guda. Wace za a bi?

Dalilin Saɓanin Awo

Kowane manomi ya san in ya leƙa rumbu ya ga saura kamu biyu hatsi ya kai baki, ba zai iya faɗin tudun hatsin ba sai ya san zurfin rumbun. Haka ma'aunin da kamfanin Intel yake sawa cikin ƙwaƙwalwarsa tun zamanin Core 2 Duo na shekarar 2006 yake aiki. Ba ya faɗin zafin kai tsaye, sai dai ya faɗi digirin da suka rage kafin a kai iyakar da ƙwaƙwalwar ke iya jurewa. Manhaja ce ke ɗebe wannan daga iyakar. In iyakar 100 ce amma manhaja ta zaci 85, to, za ta nuna 55 alhali zafin ya kai 70. Bugu da ƙari, an tsara ma'aunin nan domin ya yi daidai kusa da iyakar ne, sa'ad da na'ura ke hutawa kuwa yakan yi kuskure.

Akwai kuma ƙarin ganganci. Cikin shekarar 2017 kamfanin AMD ya bayyana cewa Ryzen 7 1700X da 1800X suna ba da lambar da ta ɗara zafin gaskiya da digiri 20, domin fanka ta riƙa juyawa yadda ake so. Wanda bai san haka ba sai ya tsorata a banza. Wani lokaci kuma akan ga lamba irin 127 tsaye ba ta motsi. Wannan yawanci alama ce manhaja na karanta wata kafa wadda ba a haɗa ma'auni a kanta ba.

Yadda Za A Gwada

Da farko a mai da gudun da ƙarfin wutar yadda maƙera suka sa su, domin ba a gyaran awo ana tsakiyar ciniki. Sa'an nan a rataya ma'aunin zafi na bango a ɗakin. Da safe, bayan na'ura ta kwana a kashe, a kunna ta a duba. Na'urar da iska ke sanyaya ta ba ta iya fin iskar ɗakin sanyi. In ɗaki yana 33 a watan Afrilu, manhaja ta ce 25, lalle awon nan ƙarya ne.

Bayan haka a ba ta aiki mai nauyi na minti 15. Lambar kirki takan hau da sauri, ta tsaya, ta sauko in an daina aikin. A gwada da manhaja biyu, kamar Core Temp da HWiNFO, amma ɗaya bayan ɗaya, gama in suka nemi ma'auni tare sukan rikita juna. A tabbata sababbin fitowa ne, waɗanda suka san iyakar kowace ƙwaƙwalwa.

In awo ya tabbata kuma zafin na da yawa, sai a buɗe akwatin. Ƙurar hunturu takan toshe haƙoran ƙarfen sanyaya, man da ke tsakaninsa da ƙwaƙwalwa kuma yakan bushe. A kaɗe ƙurar, a shafa sabon mai kaɗan, a ɗaure ƙarfen daidai a kusurwa huɗu.

Shawara Ga Malamai

Muna roƙon kowane malami ko akawu da aka danƙa wa ɗakin kwamfuta ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta kwanan wata, da zafin ɗaki, da lambar hutu, da ta aiki. Gudun da na'ura ta jure a sanyin Janairu ba lalle ta jure shi da bazara ba, sa'ad da zafin rana a ƙasar Kano yakan kai digiri 40. In ƙwaƙwalwa ta kai iyakarta, da kanta take rage gudu, ko ta ɗauke, ga shi an yi ba a yi ba. Makarantar da ke da na'ura biyar ga ɗalibai ɗari, in ɗaya ta lalace ana gab da jarrabawa, yara ashirin ne suka rasa wurin koyo. Wanda bai tabbata da ma'auninsa ba, gara ya bar ta a gudunta na asali.