Fidar Jariri: Ta Roba, Ta Kwalba Ko Ta Ƙarfe?

Duk wanda ya ratsa kasuwar Agege a Ikko, ko ya leƙa Sabo a Badun, zai ga an baza fidar jarirai ta roba kala-kala, sabuwa da ta gwanjo. A Arewa mai jego tana tare da uwa ko gwaggo, tana shayarwa a natse. A Kurmi kuwa sau da yawa daga ita sai mijinta, ga tallar abinci, ga ɗaki ɗaya, sai ta koma ga fida don ta sami sararin neman na kai. To, amma fida suna ta tara.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, roba da zafi ba sa ga maciji. A da, yawancin fida ana yin ta ne da wata roba mai tauri, garai-garai kamar gilashi, wadda ke ɗauke da sinadarin BPA. Idan aka zuba ruwan zafi, sinadarin yakan tsattsafo cikin madara, kuma a jiki yana kwaikwayon wani sinadarin halitta na mata. Saboda haka Tarayyar Turai ta hana yin fida da shi a 2011, Amurka ta bi sahu a 2012. Ke nan tsohuwar fidar gwanjo abar tsoro ce, musamman wadda ke da lamba 7 da haruffan PC a gindinta.

Sabuwar robar da ta maye gurbinta, mai lamba 5, ita ma ba ta tsira ba. A 2020 masana a jami'ar Trinity ta birnin Dublin suka gano cewa idan aka haɗa madara da ruwa mai zafin digiri 70 a cikinta aka girgiza, tana sakin ɓarɓashin roba wanda ido ba ya gani, har miliyoyi a lita guda. Ba su ɗora masa wata cuta takamaimai ba, amma ba uwar da za ta so ɗanta ya sha roba. Ga shi kuwa ba damar rage zafin ruwan, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da ruwa mai wannan zafi za a dama garin madara don a kashe ƙwayoyin cuta.

To, mene ne mafita? Ta farko ita ce fidar kwalba. Tana jure tafasa, ba ta riƙe wari, kuma dattin da ya maƙale a ciki ido na ganinsa. Aibinta nauyi da fashewa, don haka kada a bar yaro ya riƙe ta shi kaɗai, kuma da zarar bakinta ya ɓantare a jefar. Ta biyu ita ce ta farin ƙarfe marar tsatsa, wadda ko ta faɗi a kan siminti ba ta fashewa. Ita ce ta dace da matar da ke yini a kasuwa, sai dai ba a ganin cikinta, dole a sa buroshi a wanke da kyau. Akwai kuma ta silikon, mai laushi mai jure zafi, amma tana da tsada.

Akwai wata hanyar da ta fi duka araha, watau ƙaramin kofin gilashi irin na shayi. A asibitoci da kofi ake ba bakwaini nonon da aka tatsa. A zaunar da jariri, a ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a bar shi ya tsotsa da kansa, ba a ɗura masa ba. Kofi ba shi da lungun da datti zai ɓuya.

Wadda kuwa ba ta da halin sake fida, sai ta dama madarar a kofin gilashi ko na ƙarfe, ta rufe, ta bari ta huce, sa'an nan ta juye a ta robar. Kada ta bar fida a rana, kuma in ta ga ta kakkarce ko ta yi hazo-hazo, ta rabu da ita.

Amma fa a sani, ko da zinariya aka yi fida, in ba tsabta, zawo ne zai biyo baya, shi ne kuwa mai saurin kashe jarirai. A wanke da sabulu, a tafasa ta da kanta kamar minti 10, madarar da ta wuce awa 2 a ajiye a zubar. Gaba da kome, nonon uwa zalla har wata 6 ba shi da na biyu.

Nan ne maigida ke da nasa aikin.  Araha dai ba ta ado.