Biskit Ɗin Ots da Amanar Mai Gasawa

Akwai wani hatsi da ake nomawa a ƙasashen sanyi, irin su Kanada da Rasha, wanda Turawa ke kira ots, mu kuwa galibinmu ba mu san shi ba sai a gwangwanin Quaker, inda yake zuwa a daddanne, a dama shi kamar kunu. Akwai kuma nau'insa da ba a danne ba, wuƙaƙen ƙarfe ne ke datsa kowace ƙwaya gida biyu ko uku, ya fito kamar tsakin masara, kuma a Ingila da Amurka iyaye kan yi biskit da shi saboda yaran da jikinsu ba ya jituwa da alkama ko ƙwai ko madara.

Haɗin kansa ba shi da wuya. Sai dai tsakin yana da tauri, domin ko a tukunya sai ya yi minti 20 zuwa 30 kafin ya nuna. Wanda ya zuba shi ɗanye cikin kwaɓi zai fito da abin da ke garas-garas a haƙori kamar tsakuwa a shinkafa. Sai a jiƙa shi ya kwana, a tsane, a dama ayaba nunanniya a madadin ƙwai, a sa mai a madadin bota.

Mas'alar da ta fi wannan girma ita ce ta abin da ido ba ya gani. Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, ya lura a lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 cewa yaran da suka daɗe suna fama da gudawa da rama sun sami sauƙi da burodi ya yanke, da ya dawo kuwa ciwon ya dawo. Ta haka aka tabbatar cewa illar tana cikin alkama, a sinadarin da ake kira gulutin, wanda yake cikin sha'ir ma. Ots a zatinsa ba shi da gulutin irin na alkama, amma da yake sau da yawa gona ɗaya, injin girbi ɗaya, ma'ajiya ɗaya suke tarayya da ita, ƙwayar alkama kan ɓuya a cikinsa; saboda haka hukumomin Turai da Amurka suka shar'anta cewa ba a rubuta "babu gulutin" a kan abinci sai bai wuce kashi 20 cikin miliyan ba. Kwalin da babu wannan shaida a jikinsa shubuha ne, a bar shi. Wasu ƙalilan ma ko tsarkakakken ots ba su ɗauka, sai da iznin likita.

A gidajenmu kuwa, ni dai na fi jin tsoron gyaɗa da riɗi, domin akwai yaran da jikinsu ba ya jituwa da su. Uwargida za ta cire ƙwai da madara, alhali man da ta shafe faranti da shi na gyaɗa ne, ko kuwa ta aika da tsakin injin unguwa, wanda ɗazu aka markaɗa gyaɗar ƙuli-ƙuli a cikinsa, ko ta juya kwaɓin da muciyar da ta tuƙa kantu jiya, ɗauraya ɗaya kawai aka yi mata. Kada a raina wannan. A 2016 wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 15 ta rasu a sanadin burodin da aka cuɗa riɗi a kwaɓinsa ba a rubuta ba, wanda ya sa daga Oktoba 2021 doka ta wajabta wa masu naɗe abinci a shagunansu a can su bayyana duk abin da ke ciki. Amurka ma ta shigar da riɗi cikin jerin abubuwan da wajibi ne a bayyana a jikin abinci a 2023. Mai sayar da biskit, idan aka tambaye ta, wajibi ne ta faɗi komai, har irin man.

Idan kuwa yaro ya ci, sai ga borin jini, leɓɓa ko harshe sun kumbura, murya ta dusashe, numfashi yana sarƙewa, to kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a ce a bari a ga safiya. Allurar adiranalin ce maganinsa, a cinya ake yin ta, kuma mintoci ake ƙirgawa. A garzaya da shi asibiti, a riƙo ragowar biskit ɗin da kwalin ots ɗin a nuna wa likita.