Lambun gida a Hajj Yusuf: aikin da ake yi kafin bazara ta kankama

A Hajj Yusuf, unguwar da ke yankin Sharƙ an-Nil a gabashin Khartoum, sanyi ba ya daɗewa. Daga ƙarshen Fabrairu iska ke fara ɗumi, zuwa Mayu kuwa zafi ya haura digiri 40. Ruwan sama sai Yuli zuwa Satumba, shi ma ba kasafai yake kaiwa milimita 200 a shekara ba. Don haka mai ɗan lambu a tsakar gida 'yan makonni gare shi ya kintsa.

Aikin farko shi ne sallamar shukar sanyi. Tumatir ba ya jure zafi: da zarar rana ta wuce digiri 35, furensa ya riƙa zubewa bai ƙulla 'ya'ya ba. Ga kuma farin ƙuda mai yaɗa cutar da ke nannaɗe ganyensa. Gara a tsinke abin da ya nuna, a yanka a shanya, a tuge sauran. A gurbinsa sai kuɓewa, wadda ake kira bamiya a nan, da lalo, wato khudra, da kuma ganyen da ake kira rijla. Waɗannan ba sa gudun rana. Kuɓewar da ta yi yawa a busar a daka, ta zama weka ta miya.

Sai ƙasa. A wurare da yawa laka ce mai nauyi, tana riƙe ruwa, in ta bushe ta tsattsage. Ana sassauta ta da taki, amma wanda ya ruɓe. Ɗanyen kashin awaki ko na tantabara ƙone saiwa yake yi. Farin ɓurɓushin da ke fitowa a bakin fangali gishiri ne da ruwa ya bari bayan ya ƙafe. Yayyafi kullum ƙara tara shi yake yi. Ban ruwa mai ratsa ƙasa, da asuba ko bayan la'asar, shi ke tura gishirin ƙasa da saiwa.

Ruwa ne babbar matsala. Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu, 2023, famfo da lantarki suka taɓarɓare, gidaje da dama suka koma sayen ruwa a amalanken jaki. Wanda ke biyan kuɗin ganga ba zai so rana ta shanye masa rabi ba. A lulluɓe gindin shuka da busasshen ganyen darbejiya ko ciyawa, a kafa rumfar buhu a ɓangaren yamma, a juya ruwan alwala da na wanke shinkafa zuwa gindin lemun tsami. Ruwan omo kam a nisanta shi da ganyen miya.

Kada a manta da iri. A bar kuɓewa biyu ko uku su bushe a jikin uwa, a adana ƙwayar a kwalba da ɗan toka saboda ƙwari. A kuma ɗaure ƙananan itatuwa da turke tun kafin guguwar habub ta fara tasowa a watan Mayu.