Idan Kalsiyam Ya Ƙi Zama a Jini

Iyaye maza da mata na Zongo, sau da yawa mukan ga mutum yatsunsa na sagewa, bakinsa na tsatstsafa, ƙafafunsa na ɗaurewa da dare. Gwaji ya nuna kalsiyam ya yi ƙasa a jini, ya sha ƙwayoyi wata da watanni, amma shiru.

Wani lokacin laifin na magnesiyam ne. A wuyan ɗan Adam, bayan halittar da ke kumbura ta zama maƙoƙo, akwai ƙananan ƙulli huɗu, kowanne kamar ƙwayar shinkafa, ana kiransu paratiroyid. Su ke fitar da sinadarin da ke jawo kalsiyam daga ƙashi, ya kuma hana ƙoda zubar da shi. Idan magnesiyam ya ƙaranta ƙwarai, sai su kasa aiki, ƙashi ma ya daina amsa kiransu. Kalsiyam ba zai daidaita ba sai an fara cike magnesiyam.

Gudawa mai daɗewa da amai suna ƙwace shi, haka magungunan sa fitsari. Haka ma omeprazole da muke saya don gyambon ciki. A 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan daɗewa ana shansa.

Mu riƙe wake, gyaɗa, gero, riɗi da ganyen zogale a tukunyarmu. Wanda ya fara jijjiga kuwa, a garzaya da shi asibiti, kamar CHU Sylvanus Olympio, a roƙi likita ya auna su biyun tare. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.