Shayin Gona Ɗaya: Yadda Ake Ɗanɗana Shi da Yadda Ake Haɗa Shi

Daga unguwar Liman Abaji a Keffi har zuwa bakin tashar mota a Sakkwato, da wuya gari ya waye ba a ga mai shayi ya kafa teburinsa ba. Amma kaɗan ne daga cikin masu sha suka san cewa ganyen da ke cikin yawancin fakitin kanti gauraye ne. Kamfani yakan sayo ganye daga gonaki da dama, wani lokaci ma daga ƙasashe dabam-dabam kamar Kenya da Indiya, ya cakuɗa su don ɗanɗanon bana ya zo daidai da na bara. Akwai kuma wani iri wanda ba a gauraya shi da kome ba, wato ganyen gona ɗaya da aka tsinka a lokaci ɗaya. Ya fi tsada, kuma duk wanda ya saye shi ya yi masa irin dahuwar da muka saba, to ya zubar da kuɗinsa.

Manomi ya san shinkafar fadama ba ɗaya take da ta tudu ba. Haka abin yake ga shayi: ƙasa, da tsawon wuri, da lokacin tsinka, kowanne yana barin alamarsa a ganye. Inda aka fi kula da wannan shi ne Dajilin, a gindin duwatsun Himalaya a Indiya. A can bishiyar shayi takan huta lokacin sanyi, ta yi tohon fari a watan Maris da Afrilu, ta yi na biyu a Mayu da Yuni, wato daidai da ƙarshen bazararmu. Wannan toho na biyu shi ne ya yi suna. Ruwansa ja ne garau, yana da ƙamshi kamar na zabibi, kuma masana suna jingina ƙamshin ga wasu ƙananan kwari masu tsotsar ganyen tun yana bisa bishiya. Da damina ta kankama sai ganye ya riƙa fitowa da sauri, ɗanɗanonsa ya yi salam, farashinsa ya faɗi.

Mu ma a nan Nijeriya muna da gonar shayi. Tana Kakara, kusa da Gembu, a kan tsaunin Mambila cikin Jihar Taraba, wuri mai sanyi wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 1,600. Daga can ne Highland Tea yake fitowa.

Ƙwararrun masu ɗanɗano suna da ƙa'ida wadda aka tsayar ga duniya a 1980: giram 2 na ganye ga kowace mililita 100 ta tafasasshen ruwa, a rufe a bar shi minti 6. Wannan haɗi ya fi ƙarfin sha. An yi shi ne don kowane aibu ya fito fili. Mai ɗanɗano yakan fara duba busasshen ganye, ya shinshina. Sa'an nan ya dubi ganyen da ya jiƙa: mai kyau yakan yi haske kamar sabon kwabo, wanda kuwa ya yi baƙi ko duhu-duhu akwai magana a kansa. Daga nan sai ya zuba ruwan cikin farin tangaran, ya ɗiba da cokali, ya zuƙa da ƙara, irin zuƙar da yaro zai sha faɗa idan ya yi ta gaban manya. Dalili kuwa shi ne iska ta watsa ruwan ko'ina cikin baki, ƙamshin ya hau hanci.

A nan ya kamata mai karatu ya rarrabe abu biyu da akan rikita, wato bauri da ɗaci. Ɗan baurin da ke kama harshe ya saki nan da nan, ado ne ga baƙin shayi. Ɗacin da ke zama a maƙogwaro kuwa, galibi shaida ne cewa an bar ganyen ya daɗe cikin ruwa.

A gida ba a bukatar ma'auni. A ɗebo sabon ruwa marar zartsi, don ruwan rijiya mai gishiri-gishiri yana dushe launin shayi, yana sa wata yana a kansa. A tafasa shi sau ɗaya. A ɗauraye buta da ruwan zafi, a zuba ganye ƙaramin cokali ɗaya ga kowane kofi, a kwarara ruwan a kai, a rufe. Kada a mayar da butar kan wuta. Bayan minti 3 ko 4 a tace duka, ko da ba a lokacin za a shanye ba. Mun san akwai masu ganin shayi bai yi ba sai da citta da kanumfari da madara, kuma babu laifi a haɗa haka da ganyen yau da kullum. Amma irin wannan ganye, a sha kofin farko ba sukari ba madara, a ji abin da aka biya kuɗi dominsa.

Ganyen shayi yana ɗaukar warin duk abin da ke kusa da shi, saboda haka a ajiye shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da daddawa da sabulu da kananzir, inda laima ba za ta same shi ba.

Mata masu juna biyu da masu fama da ƙarancin jini su lura: sinadarin da ke kawo bauri yana rage wa jiki samun sinadarin ƙarfe, mai gina jini, daga abinci irin su wake da ganyaye. Su jinkirta shan shayi har kamar sa'a guda bayan cin abinci.