Saƙon Maganin Maƙogwaro a Hannun Fatake

Daga cikin saƙonnin da akan ɗora wa falke in zai tafi Jidda ko Dubai ko Landan har da na magani, kuma wani lokaci akan rubuta masa cewa ya nemo maganin tayirod mai narkewa sannu a hankali. Ya kamata a san abin nan tun ba a ƙirga kuɗi ba.

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Tana zuba sinadari iri biyu cikin jini, likitoci na ce musu T4 da T3. Idan ta gaza, ko aka yanke ta a asibiti, sai mutum ya riƙa jin kasala da sanyi, jiki ya yi nauyi, hadda ta riƙa kubce wa almajiri. A shekarar 1891 Likita George Murray na Ingila ya yi wa wata mata magani da ruwan tayirod na tunkiya, ta warware. A 1914 Edward Kendall ya tace T4 a Amurka, T3 kuwa sai a 1952 aka gano shi.

To, ga inda ruɗun yake. Ƙwayar T4, watau levothyroxine, wadda ake samu a manyan kantunan magani, da ma ita mai jinkiri ce bisa ga halittarta, gama sai ta yi wajen kwana 7 kafin rabinta ya fita daga jini, jiki kuma yana juya ta zuwa T3 gwargwadon bukata. T3 shi ne mai gaggawa: cikin 'yan sa'o'i ya kai maƙura, sa'an nan ya sauka. Saboda haka ne waɗansu suke neman a jinkirta shi. Amma fa hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da wata ƙwayar T3 mai jinkiri ba. Abin da ake sayarwa da wannan suna haɗi ne na masu harhaɗa magani, su cuɗa shi a kantinsu saboda mutum guda, bisa takardar likita.

Awon kuwa da maikirogiram ake yi, watau kashi ɗaya cikin miliyan na giram, abin da ma'aunin zinariya ba ya gani. In hannun mai haɗi ya zarce, zuciya ta riƙa bugawa barkatai, barci ya ƙaurace, ƙashi ya yi rauni in aka daɗe. Falken da ya karɓo kwalba ba takardar likita, ba sunan mai haɗi, ya ɗauko amanar da ba shi da ikon aunawa. Hanyarsa ita ce awon jini da ake kira TSH, a maimaita bayan mako 6 zuwa 8 duk sa'ad da aka sauya adadi, likita ya rubuta abin da ya dace.

Akwai kuma abin da malamai za su so su sani. Wani nau'in da ake tallarsa da sunan na asali, kamar Armour Thyroid, daga busasshiyar tayirod ta alade ake yinsa. Levothyroxine kuwa haɗin ma'aikata ne. Ana shan sa da ruwa, ciki ba kome, rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin abinci, don haka mai azumi yakan tashi da wuri ya sha kafin sahur.