Maket ɗin gini na 3D: yadda ake shirya shi kafin a ɗora shi bisa taswirar gari

A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, ya fasa shingayen da aka yi masa, ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Karaje da Saga. A daminar 2024 kuma Maradi da Damagaram suka sha nasu ruwan, har tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe. Bayan kowace ambaliya tambaya guda ce ke dawowa: wane gida ke cikin kwari, wane ke bisa tudu, kuma ta ina ruwa zai bi idan aka ƙara gini a nan?

Taswirar takarda ba ta iya amsa wannan, domin a kwance take. Tana nuna tsawon fili da faɗinsa, amma ba ta nuna tashin gini sama ko gangaren ƙasa. Shi ya sa masu tsara birane suka koma ga maket na cikin kwamfuta, wanda ake kira 3D. Sai dai amfanin maket yana ga daidaitonsa. Wanda ya yi kyau a ido amma ya zauna inda ba wurinsa ba, kyan ɗan maciji ne.

Mene ne maket na 3D?

Duk wanda ya taɓa halartar bikin aza harsashin wani babban gini ya ga maket: ɗan ƙaramin gini na kwali ko katako da ake ajiyewa bisa tebur. Na 3D shi ne irin wannan a cikin kwamfuta, mai tsawo da faɗi da tashi sama. Ana juya shi ta kowace fuska, ana auna shi, kuma ana iya ajiye shi tsakanin gidajen maƙwabta bisa taswirar gari.

Mai zanen gini yakan yi shi da manhajoji irin su SketchUp, AutoCAD, Revit ko ArchiCAD. Mai tsara gari kuma yana aiki da wasu daban, kamar ArcGIS Urban da CityEngine na kamfanin Esri, ko QGIS wadda kyauta ce kuma ta fara nuna 3D tun 2018. Mai zane yana kallon gida guda har da marfin ƙofa. Mai tsara gari yana kallon gidaje dubbai a lokaci ɗaya. Aikin shirya maket shi ne a mayar da abin da na farko ya yi ya zama abin da na biyu zai iya ɗauka.

Matakan cikar siffa

Akwai ƙa'idar duniya mai suna CityGML, wadda aka amince da ita a 2008. Fitowarta ta 2012 ta kasa siffar gini mataki biyar. Mataki na 0 shi ne sawun ginin kawai a ƙasa. Na 1 akwati ne: an ɗaga sawun zuwa tsayin ginin. Na 2 ya ƙara siffar rufi, a ga ko shimfiɗaɗɗe ne ko mai gangare. Na 3 ya kawo ƙofofi da tagogi. Na 4 ya shiga har cikin ɗakuna.

Yawancin aikin tsara gari mataki na 1 da na 2 sun ishe shi. Ƙasar Holan ta nuna haka: masana na jami'ar Delft sun haɗa rajistar gine-ginen ƙasar da awon tsayi da aka ɗauka daga jirgin sama, suka fitar da maket ɗin gine-gine kimanin miliyan 10, ba tare da taga ko ɗaya ba. Wurin da ake son a adana kamanninsa shi ke buƙatar mataki na 3, misali hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27, wadda ke cikin tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013.

Saboda haka tambayar farko da mai shirya maket zai yi wa ofishin da zai karɓa ita ce: wane mataki kuke so?

A rage kaya

Kwamfuta tana gina kowace siffa da ƙananan faifai masu kusurwa uku. Akwati mai fuska 6 yana cin faifai 12 kacal. Kujera guda mai ado ko fankar sama tana iya cin dubbai. Idan aka ɗora gida da kujerunsa da bututun ruwansa da wayoyin lantarkinsa, aka ninka shi sau dubu, manhajar za ta tsaya cik. Ga mai aiki da intanet na wayar salula kuma, kuɗin ɗorawa zai ci aljihu.

Don haka ana yin kwafin fayil, a ajiye na asali, a share duk abin da ba a gani daga waje. Hotunan da aka lulluɓe bango da su a rage girmansu. Sannan a tabbatar ginin a rufe yake ruf kamar tulu maras huda: bango ya haɗu da rufi, rufi ya haɗu da bango. Idan da kafa, lissafin girman ginin zai fito ba daidai ba. Haka nan kowane faifai yana da gaba da baya. Wanda aka juya bayansa waje, wasu manhajoji ba su nuna shi, sai gida ya fito kamar an cire masa bango.

Share cikin gida yana da wani amfanin. Maket ɗin gari yakan shiga hannun mutane da yawa, kuma babu dalilin da zai sa baƙo ya san inda ɗakin uwargida yake ko ta wace ƙofa ake shiga ma'ajiya.

Abubuwa huɗu da ke ɓatar da gini

Na farko awo ne. Masu zane da yawa suna aiki da milimita, taswirar gari kuma da mita. Idan manhaja ta karanta milimita a matsayin mita, gida mai tsayin mita 4 zai zama mai kilomita 4. Wasu fayilolin kuma da inci suke zuwa, wanda shi ne santimita 2.54. Kafin a fitar da fayil sai a mayar da komi mita.

Na biyu wuri ne, kuma nan aka fi faɗawa rami. Taswirori suna amfani da tsarin UTM, wanda ya yanka duniya yanki 60, kowane mai faɗin digiri 6. Yamai da Tawa suna yanki na 31. Maradi da Damagaram suna na 32. Difa tana na 33. Lambobin wuri ba su da ma'ana sai an faɗi yankinsu. Idan aka ɗauki lambobin wani gida na Maradi aka gaya wa manhaja cewa na yanki na 31 ne, gidan zai yi tsalle wajen kilomita 650 zuwa yamma, ya wuce Yamai, ya sauka kusa da iyakar Burkina Faso. Idan kuma babu lambobin sam, manhajoji da yawa suna kai ginin inda sifili ya haɗu da sifili, wato cikin teku kudu da Gana. Lambobin da za a dogara da su su ne na jeyometir, wanda ya auna turakun iyakar fili da na'urarsa. Na wayar hannu suna iya kaucewa da mitoci, kuma mita 3 sun isa su sa katangar mutum cikin filin maƙwabcinsa ko tsakiyar hanya.

Na uku tudu ne. Mai zane yakan ɗauki daɓen gida a matsayin sifili, alhali Yamai tana wajen mita 200 bisa teku. Idan ba a daidaita ba, ginin zai nutse ƙarƙashin ƙasa ko ya tsaya a iska. Ga batun ambaliya wannan shi ne kan gaba, domin tazarar rabin mita ita ce bambancin ruwa ya tsaya a bakin zaure ko ya shiga ɗaki. Awon tudun ƙasa na kyauta da Amurka ta ɗauka daga sararin samaniya a 2000 yana ba da lamba guda ne a kowane mita 30, kuma yana iya kaucewa da mitoci. Ya isa a gane ina ne kwarin Gulbi, amma bai isa a tsara magudanar ruwan unguwa ba. Wannan sai awon jeyometir ko hoton jirgi maras matuƙi, wanda ke iya kaiwa ga ƴan santimitoci idan an kafa masa alamomi a ƙasa.

Na huɗu fuskanta ce. Mai zane yakan juya gida yadda zai zauna daidai a takarda, sai arewar zane ta bambanta da arewar gaskiya. Idan ba a gyara ba, lissafin inuwa ya lalace. A ƙasarmu abin yana da sarƙaƙiya, domin daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewa da tsakar ka a garuruwan kudu, inuwa ta faɗi kudu, sauran watanni kuma ta koma arewa. Akwai kuma saɓani tsakanin manhajoji game da wane layi ne ke nuna sama. Idan aka ga gini ya fito a kwance bisa gefensa, wannan ne dalili, kuma wurin fitar da fayil ake gyara shi.

Wane irin fayil?

Kowace manhaja tana da irin fayil ɗinta, kuma ba kowace ke buɗe na wata ba. Shi ya sa ake fitar da maket cikin nau'in da kowa ke karantawa. IFC shi ne na musayar cikakken bayanin gini tsakanin injiniyoyi. CityGML na gari ne baki ɗaya. glTF, ko GLB idan an dunƙule shi da hotunansa wuri guda, maras nauyi ne, ya dace da nunawa a intanet. KMZ shi ne wanda Google Earth ke buɗewa. OBJ kuma yakan zo da fayil na biyu mai launuka da kuma hotuna daban. Idan aka manta ɗaya, ginin zai fito fari fat, saboda haka a haɗa su cikin jaka guda kafin a ɗora. Sunan fayil ya zama gajere, da lambar fili a ciki, ba tare da haruffa masu ƙugiya ko alamomin Faransanci ba, domin wasu manhajoji suna tuntuɓe da su.

A riƙe fayil na asali da kyau. Akwai lokacin da Google ke karɓar maket daga hannun jama'a tana sawa a Google Earth. A 2012 ta sayar da SketchUp ga kamfanin Trimble, a 2013 kuma ta daina karɓa. Dandalin intanet yana canzawa, abin da ke hannunka shi ne naka.

Gini da takardar shaidarsa

Maket ba tare da bayani ba hoto ne kawai. Kowane gini yana buƙatar lambar da ba ta maimaituwa, da lambar fili kamar yadda take a takardun lotisma, da tsayinsa, da yawan benaye, da amfaninsa: gidan zama ne, shago ne ko makaranta. A wurinmu ya kamata a ƙara abin da aka gina shi da shi, laka ko siminti. Ruwan da zai kwana a gindin katangar siminti ta tsira, shi zai narkar da ta laka. Da wannan bayani ne meri za ta iya tambayar manhaja ta nuna mata duk gidajen laka da ke cikin kwari, ta san inda za a fara kai gargaɗi.

Bayan an ɗora, aiki bai ƙare ba. A buɗe hoton tauraron ɗan Adam a ƙarƙashin maket a ga ko kusurwoyin gini sun hau inda ya dace. A auna bango guda a cikin manhaja a gwada da zanen takarda. A duba gindin ginin ta fuska huɗu a ga ya taɓa ƙasa. A duba ko tsohon ginin da ke wurin yana nan cikin taswira, kada biyu su hau kan juna. Minti goma na wannan dubawa sun fi arha bisa rusa katanga.

Ina ruwan mai gida?

Takardun da aka saba kai wa meri domin neman izinin gini zane ne a kwance: zanen fili, na ɗakuna da na fuskar gida. Ba kowa ke iya karanta su ba. Maket kuwa, gani ya kori ji. Maƙwabci zai ga da idonsa ko tagar sabon bene za ta leƙa tsakar gidansa, tun ba a sayi bulo ko ɗaya ba. Mai unguwa zai ga ko sabon shago ya toshe hanyar da ruwa ya saba bi. Lissafin ruwan ma a fili yake: rufin kwano mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 50, yana zubar da lita 5,000, wato tano 25 mai cin lita 200. Idan aka tara rufin unguwa guda, sai a san girman magudanar da ake buƙata.

Tushen aikin ya riga ya samu. A Yamai, matasa masu aikin taswirar OpenStreetMap da kamfanin Drone Africa Service sun yi taswirar unguwannin da ambaliya ke yi wa barazana, da tallafin Bankin Duniya. A 2021 Google ta fitar da sawun gine-gine sama da miliyan 500 na Afirka kyauta. A OpenStreetMap kuma kowa na iya ƙara yawan benayen gini, wanda shi ke ɗaga sawu ya zama akwati. Matashin da ke da kwamfuta da QGIS zai iya fara koyo da unguwarsu.

Ga mai niyyar gini kuwa, idan mai zane ya nuna maka maket mai sheƙi, ka yi masa tambaya uku: da wane awo aka yi shi, lambobin wane jeyometir aka sa, kuma daɓen gidan ya ɗara hanya da santimita nawa?